Man Shanu a Famfo na Huɗu

Kwarin Derwent, Tasmaniya
17 ga Maris, 1991

'Yata Narelle,

Gaisuwa mai yawa daga nan kwari. Ina fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci a zaune kamar mutum, ba a tsaye gindin tukunya ba. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau matakalar makaranta. An fara girbin hof, furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ƙamshin furen ya shigo har cikin aji, rabin ɗalibaina kuma suna zuwa da danƙonsa a hannu, suna gyangyaɗi a kan littafin kimiyya.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau uku. Famfo guda naki na kanki! Bari in tabbatar na fahimta. Maigidanki Mista Zammit ya ba ki famfon zuba giya na huɗu a mashayarsa, ki dafa giyar da ranki yake so. In ta karɓu, ke ce mai dafa giyar gidan. In ba ta karɓu ba, ya ɗauko wancan mai dafa giyar na Adelaide, ke ki koma wanke ganguna. Haka ne ko?

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin da kika bar jami'a na yi wata guda ina faɗa da ke a zuciyata. Ni da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, amma tun ranar da ya rasu kika shigo gidana da akwatinki, ban taɓa ƙirga nisan zumuncin ba. Na so in ga kina haɗa magunguna da farar riga. To, na zauna na yi tunani, na ga sha'ir da ruwa da yis su ma kimiyya ce, kuma ni na koya miki ita.

Ga labarin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Za a yi taron malamai a Melbourne a hutun Yuni, an sa sunana. Ranar Asabar, takwas ga wata, zan zo mashayarku. Shekarata hamsin da shida ban taɓa shanye tambulan ɗaya na giya ba, amma taki zan shanye har ƙasa. Za ta kai kafin nan? Ki ce za ta kai, don na riga na faɗa wa kowa a ɗakin malamai.

Taki,
Gwaggo Lorna


Fitzroy, Melbourne
26 ga Mayu

Gwaggo,

Ki yafe mini jinkirin amsa. Lafiyata lau, sai hannaye da suka tsattsage da ruwan sanyi. Ki daina hawa matakalar nan da littattafai arba'in a hannu, ɗaliban nan naki ba guragu ba ne.

Abin da ya hana ni rubutu shi ne ba ni da labarin bayarwa. Tankuna uku ne kacal a gidan nan, duk a cike, sai jiya ɗaya ya samu. Na dafa, Gwaggo! Jar giya ce, ba baƙa ba, ba fara ba. In kika ɗaga ta a haske kamar zuma take. Na sa gasasshen tsiron sha'ir don launi da zaƙi, na rufe da hof ɗin kwarinmu.

Maigida ya tsaya a kaina tun safe yana hura hanci. Ya ce, "Ke 'yar tsibirin Tasmaniya, wannan shayi ne ko giya?" Na ce, "Maigida, ka matsa daga bakin tukunya, gashin bakinka ba ya cikin kayan haɗi." Shaz, wadda ke sayar da giya a kantar mashayar, ta yi dariya har ta zauna a kan ganga. Maigida mutumin kirki ne, amma sunan gidansa ya fi masa komai. Tun daga Malta ubansa ya zo da wannan halin.

Giya irin wannan mako uku take so a tanki. Ni kuwa biyu nake da su kafin ki zo, ga sanyi ya sauko, yis kuma malalaci ne a sanyi. Amma kada ki damu, zan san yadda zan yi. Ba za ki ƙetare teku ki tarar da famfona a bushe ba.

Narelle


Kwarin Derwent
9 ga Yuni

'Yata Narelle,

Na dawo gida lafiya, ko da yake teku ta wana mu yadda ta ga dama. Ina fatan ba ki tsaya jirana jiya ba. An matso da taron, aka matso da jirgin komawa, ranar Alhamis da rana kaɗai ta rage mini. Na aiko miki da kati, ban sani ba ko ya riga ni. Na zo, aka ce kin tafi Ballarat ɗauko tsiron sha'ir. Na ji haushi ƙwarai, amma saurari abin da ya biyo baya.

Ban faɗi ko ni wace ce ba. Na so in ji abin da ake faɗa a kanki ba tare da kara ba. Na hau doguwar kujerar nan da ƙyar, wani mai ƙaton gashin baki ya ce, "Uwa, ɓatan hanya kika yi? Coci yana gaba." Na ce, "Ɗana, ka zuba mini ta famfo na huɗu, ka bar wa'azi ga masu shi." Ya ce a ranar aka ɗaura ta a famfon, ni ce ta biyu da ta tambaya.

Narelle, launin nan! Na ɗaga tambulan ɗin wajen taga, na ga duk abin da kika faɗa. Kumfar fara tas, ta zauna a kai kamar hula. Na kurɓa a tsorace, don ina jiran ɗacin nan da na sani. Sai na ji abu mai santsi ya bi harshena. Na ce masa, "Wannan ai ba giya ba ce, alewa ce. Kamar an narka man shanu a ciki."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Man shanu. Irin alewar madara da man shanu da ake ba yara. Har leɓena yana santsi. Wanda ya dafa wannan gwani ne."

Ya zuba kaɗan, ya rufe bakin tambulan da tafinsa, ya juya, ya shinshina. Sannan ya ƙwala kira, "Shaz! Zo ki sa hancinki nan." Yarinyar ta shinshina, ta dube shi, ta dubi ƙasa. Ina jin su biyun abin ya taɓa su. Daga nan ya ɗauko tawul ya lulluɓe kan famfon, wataƙila don ya adana ta ga manyan baƙi. Ya ƙi karɓar kuɗina ma. Sai a bakin ƙofa na gane ai shi ne Mista Zammit.

Na shanye tas, kamar yadda na yi alkawari. Na fito ina murmushi ni kaɗai har tashar jirgi. Ki rubuto maza ki faɗa mini me ya ce miki.

Mai alfahari da ke,
Gwaggo Lorna


Fitzroy
13 ga Yuni

Gwaggo,

Ina lafiya. Katinki ya iso ranar Juma'a, wasiƙarki yau.

Ashe ke ce. Mako guda ke nan ana ba ni labarin wata tsohuwa mai koriyar hula da ta kashe mini giya da kurɓa ɗaya.

Gwaggo, man shanu a giya ba yabo ba ne. Aibi ne, kuma duk mai dafa giya ya san sunansa. Yis yana fitar da shi a farkon aiki, sannan in an ba shi lokaci ya koma ya lashe abinsa. In ka raba giya da yis ɗinta da wuri, man shanun ya zauna. Alamar mai gaggawa ce. Na sauke ta kwana goma sha biyu maimakon ashirin da ɗaya. Kin san dalili.

Tawul ɗin da kika gani ba na girmamawa ba ne. Haka ake rufe famfon da aka kashe. Na dawo daga Ballarat na tarar an tuntsurar da ganguna shida a magudana. Maigida bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya ce kawai, "Baƙuwa daga titi ta ji abin da mai dafawa ba ta ji ba." Ya buga wa mutumin Adelaide waya a gabana.

Bai yanke hukunci ba tukuna. Ba ni da abin ƙarawa.

Narelle


Kwarin Derwent
17 ga Yuni

'Yata,

Ban san wace gaisuwa zan yi miki ba. Tun da na karanta wasiƙarki na kasa zama, na share tsakar gida sau biyu, na koyar da aji ɗaya darasin da na riga na koyar da su. Ni na sa miki rana, ni na zo na buɗe baki.

Amma ki kwantar da hankalinki, na gyara. Na rubuta wa Mista Zammit shafi huɗu. Na faɗa masa ni gwaggonki ce, cewa ban san komai game da giya ba, cewa wannan ne tambulan na farko da na taɓa shanyewa a rayuwata, don haka maganata ba abin kamawa ba ce. Na faɗa masa ke ce ta ɗaya a kimiyya shekara uku a jere, na haɗa da kwafin sakamakonki. Mutum mai hankali ne, zai gane.

Na aiko miki da kwalin tuffa. Ki ci.

Gwaggo Lorna


Fitzroy
24 ga Yuni

Gwaggo,

Tuffa ta iso. Wasiƙarki ga Maigida ita ma ta iso.

Ya karanta ta a tsaye a bayan kanta, da ƙarfi, Shaz da masu shan rana suna ji. Da ya kai wurin da kika ce ba ki taɓa shan giya ba, ya cire tabarau ya ce, "Kun ji? Wadda ba ta taɓa sha ba ma ta ji shi!" Wani tsoho da ke zuwa kullum ya ce wa Maigida, "Dino, ka ɗauki gwaggon aiki mana, ka sallami 'yar." Sakamakon jarrabawata yanzu yana manne a jikin firiji. Suna kirana Ta Ɗaya.

Ni ba 'yar aji uku ba ce da za ki rubuto wa shugaban makaranta a kaina. Kin sa mini rana ba ki tambaye ni ba, kin gyara ba ki tambaye ni ba. Haka kike tun ina ƙarama, kina gudu a gabana kina share hanya, ni kuma ina tuntuɓe da tsintsiyar.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ajiye kwalba ɗaya kafin a zubar. Na sha ta da sanyi, na ɗumama ta na sha, na shinshina har kaina ya yi ciwo. Gwaggo, ba na jin sa. Ko kaɗan. Ba gaggawa kaɗai ba ce. Na ɗanɗana giyar nan kafin in sauke ta, na ji ta tsaf. Akwai mutanen da harshensu bai san wannan abu ba, haka aka halicce su, ashe ina cikinsu. Wa zai ba mai irin wannan harshe tukunyarsa?

Mutumin Adelaide zai zo duba wurin a watan gobe. Maigida yana ganin sakaci ne, sakaci kuwa ana yafe shi. In ya san gaskiya ban san me zai yi ba. In na yi shiru kuma, wata rana zan sake zuba wa mutane man shanu ina murmushi.

Don Allah kada ki rubuta masa. Kada ki buga waya. Ni ma kada ki rubuto mini sai kin ji daga gare ni.

Narelle


Kwarin Derwent
4 ga Agusta

'Yata Narelle,

Na san kin hana. Na yi mako shida, ban taɓa yin shiru mai tsawon haka ba tun da aka haife ni. Mai kawo wasiƙu ya fara ɗaga mini hannu daga nesa yana girgiza kai, don kada in fito cikin sanyi a banza. Ina lafiya. Ke fa? Ko layi ɗaya ne.

Abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne. Na juya shi ta kowane gefe ina neman inda zan musa, ban samu ba. Na je ɗakin karatu na Hobart na cika shafi tara da bayanai a kan yis, na sa a ambulan, sannan na cire. Kin fi ni sanin duk abin da ke ciki.

Ba zan ce miki ki faɗa masa ko kada ki faɗa ba. Tukunyarki ce. Abu ɗaya kawai na sani daga shekara talatin a aji: ban taɓa jin tsoron ɗalibin da ya san inda ba ya gani ba.

Ba sai kin amsa ba.

Gwaggo


Mashayar Mista Zammit, Fitzroy
5 ga Satumba, da rana

'Yata,

Ina zaune a kan doguwar kujerar nan, ina rubutu a bayan takardar jerin abinci. An ce kin tafi Ballarat, sai ƙarfe huɗu za ki dawo. In na ga fuskarki kuka zan yi, in faɗi komai a birkice, shi ya sa nake rubutawa tun hankalina yana jikina. Lafiyata ƙalau, kafin ki tambaya.

Ban karya dokarki game da Mista Zammit ba. Shi ya rubuto mini, layi uku a bayan kati: "Malama, an dafa sabuwa. Ki zo ran Alhamis. Kada ki faɗa mata." Kwana biyu na kasa cin abinci. Na san abin da ake nema a wurina, na kuma yi wa kaina alkawari a cikin jirgi cewa in na ji man shanu zan faɗa, ko da ba za ki sake kirana Gwaggo ba.

Da na shigo ya ce, "Ga mai kashe giya ta iso. Shaz, ɓoye sauran famfunan."

Na ce, "Kai da ka karanta wasiƙar mutane a bainar jama'a, da a ajina kake da ka share fili mako guda."

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce kin same shi tun a Yuli kin faɗa masa komai, a tsaye, ba ki yi kuka ba. Ya ce ya yi kwana uku bai yi miki magana ba. Abin da ya fi cin sa, in ji shi, shi ma ya ɗanɗana ta farkon da safen ranar ya ce a ɗaura. "Shekara talatin ina shan taba, Malama. Harshena ya zama takalmi. Ita aƙalla ta zo ta faɗa." Mutumin Adelaide ya zo ya duba ya koma, yana jiran waya har yau. Ke kuma an sake ba ki tanki sau ɗaya tak. Ya ce kin bar ta kwana ashirin da huɗu, kin lulluɓe tankin da barguna saboda sanyi, kullum kina ɗumama kaɗan a ruwan zafi ki kai wa Shaz ta shinshina. Shaz ta ce ta fita tas. Amma Shaz ƙawarki ce, shi kuma bai yarda da bakinsa ba.

"Bakin da ya kashe ta shi zai tashe ta," in ji shi. Ya janye tawul ɗin, ya zuba.

Launin yana nan, kumfar tana nan. Masu shan rana duk sun zuba mini ido, tsohon nan ma ya ajiye jaridarsa. Na kurɓa. Na riƙe ta a baki ina lalube, ina neman santsin nan ta ko'ina, kamar mai neman allura a cikin tabarma. Da farko wani ɗan zaƙi kamar ɓawon burodin da ya gasu sosai. Daga nan ɗaci ya taso, ya kama mini harshe har maƙogwaro, ya ƙi saki. Na yamutsa fuska, ban iya hanawa ba.

Ya ce, "To?"

Na ce, "Ɗaci gare ta. Ta bushe mini baki. Gaskiya ba na son ta ko kaɗan, ta farkon ta fi mini daɗi nesa ba kusa ba."

"Man shanu fa?"

"Babu ko ɗigo."

Narelle, mutumin nan ya daki kanta da tafinsa har tambulan suka yi tsalle. Ya ce, "Ba ta son ta! Kun ji? Malama ba ta son ta!" Shaz ta zagayo ta rungume ni, tsohon ya ce a zuba masa biyu. Ban taɓa kushe abu aka yi murna haka ba.

Yanzu haka yana waya da Adelaide, ina jin sa yana cewa, "Ka yi haƙuri, abokina, gidan ya samu mai shi." Shaz ta hau kujera da alli a hannu, tana tambaya ko Cashion da "h" ake rubutawa, don za ta sa sunanki a allo kusa da lamba huɗu. Na faɗa mata. Wannan kaɗai na sa baki a ciki.

Sauran giyar tana gabana, ta fi rabi. Ba zan iya shanye ta ba, kuma ba wanda ya ce dole. Na roƙi shayi.

Ga ƙarar mota a bayan gida. Shaz ta ce taki ce.

Gwaggo